Daga Motar Kara Zuwa Motar Kwali: Tarihin Abin Wasan Yaran Daura

A wannan makon za mu waiwayi abin wasan da yara ke haɗawa da hannunsu, da dalilin da ya sa takarda ta makara kafin ta shiga cikinsa.

A da, takarda baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Fatake ne ke tsallako Sahara da ita. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya. 'Yan kasuwa na naɗe tufa da ita, malamai na rubutu a kai. Abin da ya sha tafiyar watanni a bayan raƙumi ba a miƙa wa yaro ya yayyaga. Shi ya sa almajiri ke karatu a allo, ya wanke ya sake rubutawa. Takardar da aka rubuta kuwa sai an yi mata sutura: Alƙur'ani a gafaka, laya a naɗe da zare a ɗinke cikin fata.

Saboda haka yaran Daura, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure suka dogara da abin da gona ta bari bayan girbi. A ɓare karan dawa, a yi ginshiƙi da totuwa, a soke ta da siraran ɓawon, a fafe sakaina ta zama taya, ga mota. Dokin kara kuma shi ake sukuwa da shi a lungu bayan an dawo kallon hawan Sallah ko na Gani.

Takarda ta yawaita ne a ƙarni na 20. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai littafin rubutu ƙauyuka. Ga buhun siminti na takarda, ga kwalin sukari da na ashana. Sai dai jirgin da aka ninke da falle ɗaya ba ya kai la'asar. Dabarar kara ce ta cece shi: a yi ƙashin motar da kara ko waya, a lulluɓe da kwali, a ninka takardar siminti biyu ko uku a kusurwoyi, a manne da ƙaro ko dafaffen sitaci, a shanya a inuwa don kada ta kanannaɗe. Ƙaron nan shi ne dai wanda malamai ke sa wa tawada ta kama allo.

Yau motocin roba na Sin sun cika kasuwa, waya ta ɗauke hankalin sauran yaran. Rijiyar Kusugu tana da masu kula da ita, labarin Bayajida da Daurama yana cikin littattafai, amma motar kara damina ɗaya ke cinye ta. Idan waɗanda suka iya haɗa ta suka ƙare, ta tafi ke nan.

Nan aikinmu yake. Mu da ke rubuta ƙuruciyar taurarinmu, mu daina wucewa da "yara suna wasa". Mu tambayi iyaye da kawunnai: da me ake yin tayar, yaya ake ɗaure gatarin motar, wa ya fi iyawa a unguwa? Mu rubuta da sunayen da suka faɗa mana, kafin a neme su a rasa.

Allah Ya ƙara mana basira.