Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Sararin Samaniya

Mai karatu, idan ka tashi a Mai'aduwa ko wani gari na ƙasar Daura, na san ba sai an gabatar maka da Sarki ba, wato macijin nan na rijiyar Kusugu wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo cikin dare ya sare masa kai. Yau so nake mu bi sawun wannan tsoro tun daga dandali har zuwa wani wasa da matasan duniya ke yi ta intanet, domin ina ganin wasan ya fi kusa da mu fiye da yadda za ka zata.

Ka tuna yadda ake tatsuniya. Bayan sallar isha'i kaka ko yaya za ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ku kuma sai kun amsa "Ta zo mu ji ta" kafin ta ci gaba. Idan aka zo wurin waƙa, ku ke yin amshi. Idan Dodo ya doso, muryarta ce za ta yi kauri har ƙaramin cikinku ya maƙale a jikin wani. Ka ga kenan da mai sauraro ake yin labarin. Haka tashe yake a watan azumi: yaro ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya zama Jatau mai magani, kowa ya shiga rigar wani na ɗan lokaci.

Da boko ya zo, sai tatsuniya ta hau takarda. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyinmu tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971. An adana labaran, amma amshin ya tsaya, domin takarda ba ta jiran ka amsa. A 1969 kuwa, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani halitta daga sama ya ɗauki yaro Kilba ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Wannan littafi shi ake yawan ambata a matsayin farkon ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. Saboda haka kar wani ya ce maka jirgin sama jannati baƙo ne a adabinmu.

Can Amurka kuma, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, bugun farko kwafi 1,000. Ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a tebur. Ɗaya ne mai jan labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa ya riƙe jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Idan abin mai haɗari ne, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, babu wanda ya ci wani. Ribar ita ce labarin da aka ƙaga tare.

Daga nan sai wasan ya yi rassa. A 1977 Marc Miller ya kai shi sararin samaniya da Traveller. A 1981 Sandy Petersen ya rubuta Call of Cthulhu, wanda a cikinsa jarumi kan iya zaucewa saboda abin da idonsa ya gani. Ku masu kallon fim kun san Alien na Ridley Scott, na 1979, inda halitta guda ta bi ma'aikatan wani jirgi tana kashewa ɗaya bayan ɗaya. A 2019 kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya mai da shi wasa. Dabarar da suka sa ta burge ni: duk lokacin da jaruminka ya firgita, sai a ƙara maka ɗan ludo. Damarka ta yin nasara ta ƙaru, amma idan ɗaya daga cikin na firgicin ya nuna 1, kana iya ruɗewa ka yar da abin hannunka ko ka daskare wuri guda.

Shigowar intanet ta cire tebur ɗin ma. Shafin Roll20 ya buɗe a 2012, manhajar Discord a 2015, zaman kulle na korona a 2020 kuma ya tura ɗimbin 'yan wasa can. Ga sabon shiga akan shirya zama guda na awa uku ko huɗu, a miƙa masa jarumin da aka riga aka tsara, mai jan labari ya riƙa koya masa ƙa'ida ana cikin tafiya.

To, kwatanta a ranka. Daren Asabar ne, gobe kasuwar Mai'aduwa. Wata mota ta taso daga Agadas ta tsaya a Kwangwalam, direba ba ya magana, a bayanta akwai wani dutse da aka ce daga sama ya faɗo, kuma yana da ɗumi. Kai ne yaron mota, abokinka a Maraɗi shi ne jami'in kan iyaka, ƙanwarka a Kano malamar asibiti. Mai jan labari ya ce, "An ƙwanƙwasa daga cikin akwati. Me za ku yi?" Wallahi daga nan ba wanda zai taɓa wata manhaja.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu sun zama 'yan kallo zalla. Fim ya ba su hoto, littattafan da ake turawa ta WhatsApp sun ba su karatu, amma ba a tambayarsu komai. Marubutanmu da masu tsara labarin fim suna da Dodo, da Gizo da Ƙoƙi, da Kilba, ga kuma macijin Kusugu. Kayan aikin ba su wuce ɗan ludo da takarda da waya ba. Ka tara ƙannenka wannan makon ka gwada, sannan ka rubuto mana yadda aka kwashe. Allah ya sa mu dace.