Daga Yaba Zuwa Yau: Tarihin Koyar Da Injiniyanci A Nijeriya

Yau ina so mu ɗan waiwayi yadda aka fara koyar da injiniyanci a ƙasar nan, tunda yanzu iyayenmu da dama a Agege da Sabon Ibadan da Enugu suna burin 'ya'yansu su zama injiniyoyi.

Labarin ya faro ne a nan Legas. A 1934 Turawan mulkin mallaka suka yi bikin buɗe Babbar Kwalejin Yaba, inda ake koyar da likitanci da aikin gona da safiyo da injiniyanci. Ɗalibi zai shafe shekaru yana karatu da aikin hannu a ma'aikatun gwamnati, amma takardar da zai samu ba ta da daraja a wajen Nijeriya, kuma ba zai wuce mataimakin Bature ba. Wannan raini na cikin abin da ya sa matasan Legas suka kafa ƙungiyar Lagos Youth Movement a wannan shekarar.

Tun daga nan mutanenmu suka ɗauka cewa digiri irin na Ingila shi ne mafita. Cikin shekarun 1950 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya mai rassa a Zariya da Ibadan da Enugu, kuma reshen Zariya ne ya ɗauki injiniyanci. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, reshen ya zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

To amma fa gyaran wata matsala ya haifo wata. An samu takarda mai daraja, sai masu masana'antu suka fara kukan cewa ɗalibai sun haddace lissafi amma ba su saba da inji ba. Shi ya sa a 1973 hukumar ITF ta ɓullo da shirin SIWES, wato a tura ɗalibi masana'anta ya koyi aiki da hannunsa. Kafin nan, a 1970, an kafa COREN domin yi wa injiniyoyi rajista, kuma tana tantance kwasa-kwasansu. Haka aka zauna a kan tsarin shekara biyar: lissafi da kimiyya a farko, sai zane da ɗakin gwaji, sai watanni shida a masana'anta a shekara ta huɗu, a ƙarshe kuma ɗalibi ya ƙera ko ya binciki wani abu da kansa.

A ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara daidai da buƙatun yankinta. Ita ma COREN ta karkata ga auna ɗalibi da abin da zai iya yi bayan ya gama.

Me wannan tarihi yake gaya mana? Sama da shekara 90 ana jan igiya tsakanin takarda da hannu. Mu 'yan kasuwa mun san ba a koyon ciniki sai a bakin rumfa, haka shi ma inji. Don haka uban da zai zuba guminsa a karatun ɗansa ya tambaya: COREN ta amince da kwas ɗin? Ɗakin gwajin yana aiki? Ina yaron zai yi SIWES? Mu da muke zaune kusa da masana'antun Ikeja da Apapa muna da damar da wasu ba su da ita. Kada mu bari yaro ya sa hannu a littafin halarta ya dawo gida ya kwanta.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.