Kwana Biyar a Oshogbo

A watan Agustan 1964 aka tara wasu samari a kulob ɗin Mbari Mbayo da ke Oshogbo, aka miƙa musu takarda da fenti, aka ce kowa ya zana abin da ke ransa. Bitar kwana biyar ce kacal. Mai jagorantar ta wata Baturiyar Ingila ce, Georgina Beier, wadda ta zauna a Zariya tun 1959 kafin ta koma ƙasar Yarbawa. Yawancin samarin ba su taɓa shiga ajin zane ba. Muraina Oyelami makaɗi ne a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo. Jimoh Buraimoh shi ke kula da fitilun dandali. Shi kuwa Taiwo Olaniyi, wanda duniya ta sani da Twins Seven-Seven, ɗan rawa ne da ya shigo garin yana bin masu tallar magani.

Kafin mu gane abin da ya faru a ɗakin nan, sai mun ɗan waiwaya baya. Mutumin da ake kira uban zanen zamani a Najeriya, Aina Onabolu, gwanin zana fuskokin mutane ne. A zamaninsa Turawa na cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito sak ba, shi kuwa ya ƙaryata su da zanen manyan Legas, ya kuma tafi Landan a 1920 ya yi karatun abin. Daga nan ma'aunin gwaninta ya zama kama: a ga hanci, a ga ido, a ce wane ne. Ɗaliban kwalejin Zariya irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya ne suka fara yi wa wannan ma'auni tawaye, inda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna cewa a haɗa dabarun Turawa da zanen gida. Amma su 'yan boko ne, sun kwashe shekaru a aji.

Oshogbo ta bi wata hanyar daban. Ulli Beier, Bajamushen da suka buɗe kulob ɗin tare da Ladipo a 1962, yana ganin makaranta na iya kashe wa yaro idonsa. Saboda haka ba a koya wa kowa auna tsawon hanci ba. Fuskokin da suka fito daga hannun Oyelami sun fi kama da fuskokin dodanni, shiru, an kewaye su da baƙin layi mai kauri. Na Twins kuwa aljanu ne da namun daji masu ido barkatai. Ba hoton wane ba ne, amma wanda ya gan su ba ya mantawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne bugun hoto. Ana samun katako ko lino, wata leda ce mai kauri irin ta shimfiɗa a ɗaki, a zana hoto a kai, sannan a bi da ƙaramar wuƙa ana ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari. Abin da aka bari a tudu shi ke ɗaukar tawada. A shafa, a kifa takarda, a danne, a ɗaga. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa hatimin ofis ya ga ƙanin wannan aiki, har da wahalarsa: komai a juye ake yanka shi, dama ta koma hagu, kuma inda wuƙa ta zame ba a mayar da shi. Ribarsa kuwa, allo ɗaya na iya haifar da hoto talatin ko hamsin. Ga saurayin da ke neman na tuwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Adebisi Fabunmi ya yi suna da hotunan birane da ya buga ta haka, gidaje da mutane a cunkushe kamar za su fashe takardar. Daga baya ya koma manna zaren ulu a kan allo, Buraimoh kuma ya shiga jera duwatsun ado cikin fenti, yana kwaikwayon kambun sarakunan Yarbawa.

An soki abin, kuma ba duka sukar ce ta hassada ba. Masu takardar shaida sun ce Turawa ne suka zaɓi abin da ya yi musu daɗi, suka kira shi zanen Afirka na asali. Gaskiya ne mafi yawan masu sayen hotunan baƙi ne, a wurare irin su Cibiyar Goethe ta Legas, kuma da kasuwa ta buɗe sai 'yan kwaikwayo suka cika ta da aljanu na jabu. Sai dai katangar da ke tsakanin 'yan boko da 'yan bita ba ta kai tsayin da ake faɗa ba. Onobrakpeya, da duk karatunsa na Zariya, ya zauna a bitar da wani ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, ya gudanar, kuma daga nan ya duƙufa kan bugun hoto. A 1998 shi da kansa ya buɗe bitar shekara-shekara a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, ya raɗa mata sunan hunturu.

Inda muke ganin ana yawan kuskure wajen ba da labarin nan shi ne a ce kwana biyar ne suka ƙera waɗannan mutane. Jama'a da dama sun halarta, kaɗan ne suka ɗore. Georgina ta ware 'yan ƙalilan, ta ci gaba da zama da su ana aiki, ana samar musu kaya da wurin baje koli, har ƙarshen 1966 da ita da Ulli suka bar ƙasar, suka nufi Papuwa Niyu Gini. Shekara biyun nan ba a cika ambaton su ba, ga shi kuwa a yau muna ganin bitoci da ake watsewa ranar rabon takardar shaida, kowa ya koma gida ba tawada, ba allo. Twins ya yi ta zane fiye da shekara arba'in bayan tafiyarsu. A 2005 hukumar UNESCO ta naɗa shi mai zanen zaman lafiya, ya rasu a Ibadan a 2011.