Rairayi da Baƙin Mai: Tarihin Gyaran Babur a Kanan Bakashe

Duk wanda ya sauka daga babbar hanya a ƙasar Mayahi ya nufi ƙauyukan bakin Gulbin Kaba ya san ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Jigawa ce zalla, rairayi mai nitsar da taya, ga ƙayar aduwa a zube. Babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ake gani a talabijin yana keta hamada bai zauna wajenmu ba, don ko an kawo shi babu mai kayansa. Abin da ke shiga kowane lungu a Kanan Bakashe shi ne babur mai ƙafa biyu, kuma yadda muke gyaransa rairayin nan ne ya koya mana.

Iyayen gidanmu daga faci da gyaran keke suka faro. Sai Mobylette ta Faransa ta shigo a hannun malaman makaranta. Injinta ba shi da wuya: a goge buji, a gyara tazarar filatin, a ɗaure bel. Amma da ta shiga rairayi, mai ita zai sauko ya tura. Wanda ya fara cin jigawa da gaske shi ne Yamaha DT 125 na malaman gona da ma'aikatan gandun daji, mai doguwar ƙafa da taya mai haƙora. Injinsa yana ƙona baƙin mai tare da fetur, yana da ɗan famfo mai aika masa man. In famfon ya tsaya babu sallama, sai dai ka ji fistan ya kama a tsakiyar daji. Shi ya sa tsofaffin makanikai da yawa ke cire shi, su ce wa mai babur ya riƙa haɗa man da hannunsa a tanki.

A wancan zamanin ba a yar da komai. Kaya sai Maradi ko Kano, ga tsada, balle bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, da farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabo. Kwali ake yankawa a yi gasket, a sake naɗa kwayil da hannu, a ɗauki silinda a kai birni a rarake ta a sa fistan mai girma.

Bayan shekarar 2000 baburan Sin suka cika kasuwa, su Kasea da Jincheng da Royal, daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya biyo. Da yawansu injin Honda CG 125 aka kwaikwaya, wanda Japan ta fitar a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da inji ba. Manomi ya sayar da wake ko bijimi ya sayi babur, samari suka shiga kabu-kabu, rumfunan gyara suka yawaita har a ƙauyuka.

A nan ne aka yi asarar injuna. Sabon injin ba ya ƙona baƙin mai, a cikinsa man ke kwance, sai an riƙa yi masa juye. Mutumin da ya saba da tsohon yayi sai ya ga ai babu hayaƙi, babu abin ƙarawa, ya yi ta tafiya wata da watanni. Ranar da aka kawo shi ka kwance ƙusar ƙasa, abin da zai fito baƙi ƙirin ne mai kauri, ka murza a yatsa ka ji tsakuwa. Har yau rabin aikinmu wa'azin juye ne.

Sauran rabin kuwa soson iska. Ka buɗe akwatinsa lokacin hunturu, za ka tarar soson ya yi jawur ya ƙame, in ka matse shi ƙura ta zubo kamar gari. Yaro mai gaggawa zai cire shi ya yar, babur ya buɗe murya, mai shi ya tafi yana murna. Kafin damina rairayi ya cinye zoben fistan. Gyaran ƙwarai shi ne a wanke soson, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa mai a matse, a mayar. Sarƙa ma haka: masu lafta mata tsohon baƙin mai suna ganin gata suke yi mata, alhali man ne ke kama rairayi ya riƙa gurzar haƙora. Ƴan kabu-kabu kuma suna rage iskar taya don ta zauna bisa rairayi. Dabara ce mai kyau, amma in ta yi yawa tayar kan zame a kan wili ta tsinke bakin tiyub, wanda ba ya facuwa.

Ni dai a ganina arhar kaya ta rage mana hannu. Karbirato in ya toshe, yaran yanzu sabo suke cewa a sayo, ba su da haƙurin warware shi su hura ƴan ramukansa. Ga fetur ɗin kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ya yi shekara da shekaru yana zuwa daga Najeriya da datti da ruwa. Mai hankali sai ya tace da ƙyalle. Ko buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011 bai kashe kasuwarsa ba.

Iyaka ce ke juya mu. Da Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019, buji ma sai da ya yi wuya. A 2023 aka cire tallafin mai a can cikin watan Mayu, sannan aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yuli. Kaya suka yi tsada, masu babura suka daina cewa a sa sabo. A lokacin ne wasu samari suka koma wajen tsofaffin da suka yi zamanin DT, suna tambayar yadda ake juya haƙorin sarƙa a ci ɗaya gefen, da yadda ake naɗa kwayil.