Saɓanin Hubble: Gardamar masana kan saurin buɗewar sararin samaniya

Saɓanin Hubble suna ne da masana ilimin taurari suka laƙaba wa wani bambanci da ya ƙi warwaruwa tsakanin hanyoyi biyu na auna saurin da sararin samaniya ke buɗewa. Hanya ɗaya tana ba da adadin da ya kai kimanin 67, ɗayar kuma kimanin 73. Da yawa sun yi tsammanin na'urar hangen nesa ta James Webb za ta tono kuskuren da ya haddasa wannan rata. Maimakon haka, sai ta ƙara ƙulla gardamar.

Tun a 1927 wani limamin coci kuma masanin lissafi ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna cewa sarari yana buɗewa, sannan a 1929 Edwin Hubble na Amurka ya kawo awon da ya tabbatar da hakan. Gungun taurari, waɗanda ake kira galaksi, suna nisantar juna, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. Abin ya yi kama da ƙullin burodi da aka barbaɗa wa riɗi: yayin da ƙullin ke kumbura, kowace ƙwaya tana nisantar sauran ba tare da ta motsa da kanta ba. Adadin 73 yana nufin cewa duk ƙarin nisan da haske zai shafe shekara miliyan 3.26 yana ratsawa, gudun yana ƙaruwa da kilomita 73 a kowace daƙiƙa. Hubble kansa ya samu kusan 500, wanda ke nuna irin wahalar aikin.

Tsanin awon nisa

Gudun galaksi ba shi da wuyar aunawa, domin haskensa yana karkata zuwa ja gwargwadon saurin da yake nisantar mu. Nisan shi ne matsala. Direban da ya hango fitila da dare a hanyar Kaduna zai iya ƙiyasta nisanta idan ya san ta tirela ce ko ta babur. Idan bai sani ba, sai dai canki. Masana ma sai sun nemi taurarin da aka san ainihin ƙarfin haskensu.

Henrietta Leavitt ta cibiyar nazarin taurari ta Harvard ce ta samo su. A 1912 ta bayyana cewa wasu taurari masu suna Sefid suna haske suna dusashewa a kan ƙa'ida, kuma wanda ya fi jinkirin zagayowa shi ya fi ƙarfin haske. Da an ƙirga kwanakin, an san fitilar. Da su ake auna galaksin da ke kusa, sannan a yi amfani da waɗannan wajen daidaita hasken wani nau'in fashewar tauraro da ake iya hangowa daga nesa ƙwarai. Mataki ne bisa mataki, shi ya sa ake kiran hanyar da tsani.

Ɗaya daga cikin matakan farko na wannan tsani yana bayyana a samaniyar Najeriya. Babban Girgijen Majelan, wani ƙaramin galaksi da ke da nisan tafiyar haske ta shekara kusan 160,000, ba a ganinsa daga Turai. Amma daga unguwar Kwamba a Suleja, wadda ke kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, yakan ɗago kimanin digiri 11 a kudu, wato tsawon dunƙulen hannu idan an miƙe shi, tsakanin ƙarfe 10 da 11 na dare a watan Janairu. Sai dai lokacin hazo ne, ga kuma hasken fitilun gari, don haka ganinsa na bukatar dare garau da wuri mai duhu. Andromeda ya fi sauƙi, ana ganinsa a arewa a ƙarshen shekara. Abdurrahman as-Sufi ya siffanta shi da ɗan girgije tun a wajen shekarar 964, kuma a cikinsa Hubble ya gano tauraron Sefid a 1923.

Tawagar Adam Riess na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya samu kyautar Nobel a 2011, ta hau wannan tsani da na'urar Hubble, ta sanar da 73.04 a 2022.

Hanya ta biyu ba ta bi ta taurari. Tana nazarin hasken da ya fi kowane tsufa, wanda ya fito shekara kimanin 380,000 bayan Babbar Fashewa. Tauraron ɗan Adam na Planck, mallakar hukumar sararin samaniya ta Turai, ya zana taswirarsa. Daga nan aka yi lissafi zuwa yau bisa tsarin da masana suka yarda da shi, wanda ya ce kashi 5 cikin 100 ne kawai na halitta abin da muka sani, sauran ɓoyayyen abu ne da ɓoyayyen ƙarfi. Sakamakon 2018 ya ba da 67.4. A lura, wannan hasashe ne da aka gina a kan tsari, ba awo kai tsaye ba. Ratar ta kai kusan kashi 8 cikin 100, alhali kowane ɓangare yana cewa kuskurensa bai kai kashi 2 ba.

Abin da Webb ta gani

An harba James Webb ranar 25 ga Disamba, 2021, daga Kourou a Guyana ta Faransa. Faɗin madubinta mita 6.5 ne, na Hubble kuwa 2.4, kuma tana aiki a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Babban zargin da ake yi wa awon Hubble shi ne cunkoso: a galaksi mai nisa, hasken maƙwabta kan cakuɗe da na Sefid, kamar yadda fitilun kasuwar dare ke haɗewa ga mai hange daga nesa. Webb tana iya rarrabe su. A farkon 2024 tawagar Riess ta wallafa awon Sefid fiye da 1,000, har zuwa galaksin NGC 5468 mai nisan shekarar haske miliyan 130, kuma awon ya yi daidai da na Hubble. Cunkoso dai ya fita daga zargi.

Wendy Freedman ta Jami'ar Shikago ba ta gamsu ba. Tawagarta ta yi amfani da Webb ɗin dai, amma da wasu nau'o'in tsofaffin jajayen taurari, ta samu kimanin 70.4 a 2025, adadin da bai yi hannun riga da kowane ɓangare ba. Riess na ganin bambancin ya samo asali ne daga yawan galaksin da aka zaɓa da irinsu. A ganinmu, wanda ya ce an gama magana, ko ta wane ɓangare, ya yi gaggawa.

Idan 73 ne gaskiya, to tsarin da ya ba sarari shekara biliyan 13.8 yana da giɓi. Wasu na hasashen wani ƙarfi da ya yi aiki na ɗan lokaci a farkon halitta ya gushe. Akwai kuma wasu alamun da ke matsa wa tsarin lamba. Webb ta gano galaksi masu haske fiye da yadda aka zata tun sarari yana da shekara kusan miliyan 290, sannan a Maris 2025 aikin DESI, da ke ƙasa a Arizona, ya ba da alamar cewa ɓoyayyen ƙarfin na iya yin rauni da tafiyar zamani, ko da yake hujjar ba ta kai matakin tabbaci ba.

Najeriya ba ta da hannu a waɗannan na'urori. Hukumar NASRDA da ke Abuja, wadda aka kafa a 1999, ta fi karkata ga taurarin ɗan Adam masu duban ƙasa, yayin da cibiyarta ta Nsukka ke kula da ilimin taurari. Amma bayanan Webb da na Hubble ana sakin su kyauta a intanet, galibi bayan shekara ɗaya ko ƙasa da haka, don haka ɗalibin kimiyya a Minna ko Zariya zai iya sauke hotunan da ake gardama a kansu. Ana sa ran ƙarin awo daga na'urar Euclid ta Turai, wadda aka harba a Yuli 2023, da kuma Nancy Grace Roman ta Amurka.