Daga Layin Dogon Wushishi Zuwa Kulob Ɗin Costain

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi da aka ajiye don tarihi. Shi ne ya yi jigila a kan siririn layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa a yankin Wushishi a 1901, don ɗauko kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa Zungeru, inda Gwamna Lugga ya kafa hedkwatarsa. A 1911 kuma layin Baro ya bi ta Minna ya isa Kano.

Da jirgi ya buɗe hanya, sai akawuna da makanikai da direbobi suka yi ta kwararowa daga Kudu, har da Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau. A cikin akwatunansu akwai garmaho da fayafayai da jita. A manyan garuruwan da dogo ya ratsa, sai ka tarar da Sabon Gari, da otal-otal, da kulob ɗin ma'aikatan reluwe. Daren Asabar ɗin ƙarshen wata, albashi ya shiga aljihu, makaɗan hailaif kan jeru bisa dandamali cikin kwat iri ɗaya, mai busa a gaba, mai ganga a baya, a kwana ana cashewa.

Hausawa ma ba baƙin hirar dare ba ne. Masu goge da kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam sun cika gidajen rawa, 'yan ƙwarya na amshi, masu liƙi na manna kuɗi a goshi.

Wanda ya ɗinke waɗannan duniyoyi biyu shi ne Bala Miller, ɗan wani limamin coci Bazazzagi, wanda aka haifa a 1928. Ya goge a fagen hailaif a Legas, sannan ya dawo Arewa ya riƙe kulob ɗin Costain a Kaduna. Ya tara matasa ya koya musu kayan kiɗan Turawa, ya kafa ƙungiyar Great Music Pirameeds of Afrika, ya ɗora zallar Hausa a kan jita da kakaki. Waƙarsa "Ikon Allah" ta shiga gidajen da masu su ba su taɓa leƙa kulob ba, ta hanyar rediyo da talabijin. Ya rasu a 2003.

Kafin nan kasuwar kiɗan kulob ta fara ja da baya. Ciyar da makaɗa goma sha wani abu ba ƙaramin nauyi ba ne, ga fiyano da kwamfuta sun shigo situdiyo, mutum ɗaya na yin aikin taro. A Yamai kuwa al'adar na nan da ranta: ƙungiyar Tal National, wadda wani alƙali mai laƙabi Almeida ya kafa a 2000, kan shafe sa'o'i tana kiɗa a gaban jama'a da Hausa da Zabarmanci da Fillanci, kuma kamfanin FatCat na Ingila ne ya fitar da faifanta "Kaani" a 2013.