Tashoshin cajin motocin lantarki a arewacin Ghana: ina ya kamata a kafa su?

A watan Disamba na 2023, yayin taron sauyin yanayi na COP28 a Dubai, Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta ƙasa kan motoci masu aiki da lantarki. Tun 2019 Hukumar Makamashi ta ƙasar take ƙarfafa amfani da irin waɗannan motoci, amma yawancin wuraren caji suna birnin Accra. Ga mazauna Salaga da Yendi da Bawku, tambayar ita ce inda direba zai tsaya idan batir ya yi ƙasa.

Abu na farko da masu tsarawa ke dubawa shi ne tazara. Yawancin ƙananan motocin lantarki na tafiyar kilomita 250 zuwa 400 da caji ɗaya, kuma zafi da nauyin kaya da lalacewar hanya na rage wannan. Tarayyar Turai ta wajabta tashar caji mai sauri a kowane kilomita 60 na manyan hanyoyinta. Daga Tamale zuwa Yendi kusan kilomita 100 ne, zuwa Salaga ya ɗan haura haka, daga Bolgatanga zuwa Bawku kuwa kusan 80 ne. Ke nan kowane ɗaya daga garuruwan uku yana buƙatar tasharsa, domin wanda ya je ya iya dawowa.

Na biyu, hanyar da ta fi zirga-zirga. Hanyar N10 ta taso daga kudu ta ratsa Kumasi da Tamale da Bolgatanga zuwa Paga, kan iyakar Burkina Faso. N2 kuwa ta tashi daga Tema ta bi ta Bimbilla da Yendi da Bawku har Kulungugu. Salaga tana kan hanyar Makango, inda ake haye tafkin Volta da jirgin fito zuwa Yeji. Tunda motoci kan daɗe suna jira a mashigin, ya dace da wurin caji.

Na uku, ƙarfin wuta. Kamfanin NEDCo ke rarraba lantarki a arewa. Na'urar caji mai sauri tana jan kilowat 50 zuwa 150, ta cika mafi yawan batir cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, amma sai da taransifoma mai ƙarfi. Mai kilowat 7 zuwa 22 tana ɗaukar sa'o'i, don haka ta fi dacewa da masauki ko tashar mota da ake kwana. Inda ake yawan ɗauke wuta, faranten sola da batirin ajiya na cike giɓin.

Akwai kuma yanayi da tsaro. Zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, saboda haka dole a yi wa na'urorin rumfa. A Bawku, rikicin sarauta ya sha jawo dokar hana fita, abin da ke taƙaita lokacin aikin kowace tasha.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga Hausawa. Fataken goro da ke zuwa Salaga daga Kano da Katsina a ƙarni na 19 sukan yada zango inda akwai ruwa da abinci da aminci, gwargwadon tafiyar da jakuna za su iya yi a yini. Yau batir ne ke yanke tazarar, kuma garin da ya rasa tasha zai ga fasinja da ciniki sun bi wata hanya.